Wahai

Mu ba mu da murhu a hawa na tara. Haka nake gaya wa 'yata Nana duk ranar da ta kawo mini littafin makarantarsu, ta nuna mini hoton tsohuwa a gindin bishiya, wuta na ci, yara sun kewaye ta, ta ce ko haka muka yi da muna ƙanana. Ina fa! A La Courneuve na tashi, cikin dogayen gidajen nan na Cité des 4000, inda asansar, na'urar hawa bene, ke aiki kwana biyu ta huta kwana biyar, mu hau da ƙafa muna haki. Wutar da muka sani ita ce wani ɗan resho na lantarki mai sanduna biyu, wanda Baba ya saya wa Kaka saboda sanyin ƙafa. In an kashe fitilar ɗaki sandunan sukan yi ja, su haska mata haɓa da yatsu. Shi take kira murhu, kuma duk wanda ya gyara mata ya ce ba murhu ba ne, ranar ba shi da tatsuniya.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Daga Tahoua aka kawo ta aikin ido ina shekara bakwai, a kan za ta yi wata uku ta koma. Ba ta koma ba. Aka ba ta ɗan ɗakin da ke jikin kicin, wanda ƙofarsa ba ta hana sauti fita, ta shimfiɗa tabarma a kan kafet, ta ƙi gado. Baba yana da shago a Château Rouge, yana sayar da shadda da atamfa, ba ya dawowa sai an yi isha'i. Tsakanin magariba da dawowarsa, wannan lokacin namu ne, ni da wana Laminu. Mama tana kicin, mu muna gaban resho.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata nan tahe daga cikin rairai." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta sha ruwa." In muka amsa da Faransanci, ko da wasa, sai ta juya mana baya ta ɗauki carbinta. A bakinta na san Gizo da Ƙoƙi, da kura mai son banza, da yarinyar da ta raina maza har ta auri maciji. Ina son su duka. Amma ba su ne suka sa na zauna rubuta wannan ba, sai wata guda ɗaya wadda ban taɓa jin ƙarshenta ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa faranti.

Kafin in kai gare ta sai na faɗi abin da Kaka ke yi da nama. In Baba ya kawo cinyar sa, sai ta ware nata, ta zauna da wuƙa tana yanka shi dogo-dogo siriri kamar igiyar takalmi. Ba ƙuli, ba yaji, ko gishiri ba ta cika sawa ba. Ta rataye shi a igiyar shanya ta balko, wato barandarmu, tsakanin wandunan Laminu da zannuwan Mama. Tantabarun unguwa suka gane gidanmu. Matar da ke ƙasa da mu ta kai ƙara wajen gardi, wato mai gadin ginin, gardi ya hau bene tara da ƙafarsa don ya yi faɗa, Kaka ta ba shi guda ya tauna, ya sauka yana murmushi. Mama takan ce wannan ai kilishin marasa gata ne. Kaka ta ce, "Ba kilishi na ba. Tishtar a sunanai. Na uwata na."

A nan na fara jin labarin uwarta. "Uwata ba Bahausa ba ta," in ji ta. "Daga yamma tat taho, can gaba da Tambutu, wajen Walata. Nimadi aka ce musu. Ba su noma, ba su kiwo. Karnai gare su, da su suka hwarautar mariri cikin rairai, su shanya nama, su kai gari su samo hatsi." Ta ce uwar tata tana yarinya ta biyo ayarin masu tafiya Makka da ƙafa tare da mahaifinta. Ya rasu a hanya kusa da Tahoua, wata mata ta riƙe ta, ta girma ta auri mahauci. Hausa ta koya da girmanta, kuma har ta mutu in ta fusata ko ta yi murna bakinta komawa yake yi maganar mutanenta. Na tambayi Baba wata rana ko gaskiya ne. Ya ce in je in yi aikin makaranta.

Ina shekara goma, cikin hunturu, Kaka ta ce yau za ta ba mu wadda ba ta taɓa ba kowa ba. "Wagga ba ta Gizo ba ta. Uwata ta ba ni ita, ni kaɗai, bayan ta kira ni na zo. Ke Rabi, buɗe kunnenki. Kai Laminu, albarkacinta kaka ci."

Wai akwai wani maharbi a ƙasar da ba a ganin komai sai rairayi. Karnuka uku gare shi, duka mata, ya raine su tun idonsu bai buɗe ba. In ya kwance bakin salkarsa su yake fara ba ruwa, abin da ya rage ya sha. In sun kayar da mariri, rabonsu ake fara fiddawa. In dare ya yi sanyi su kwanta a jikinsa. Ba ya ɗaure su, don bai taɓa ganin dalili ba.

Wata shekara dabbobi suka yi nisa, yunwa ta kama shi, ya ɗauki ragowar busasshen namansa ya nufi wani gari mai ganuwa. Mutanen garin suka ɗanɗana naman, suka ce ba su taɓa cin irinsa ba. Suka ce ya shigo ya zauna da su, za su ba shi ɗaki da riga da wurin zama a kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne, kare ba ya ƙetare ƙofar garinsu. Maharbi ya tsaya yana duban karnukan, yana duban hayaƙin tuwo da ke tashi a bayan ganuwa. Ya ari igiya, ya ɗaure su a jikin wata ƙaya a bakin gari, ya ajiye musu ruwa a ƙwarya, ya ce su jira shi, gobe zai fito.

Gobe ta yi, aka gayyace shi suna. Jibi aka gayyace shi biki. Ya koyi gaisuwar garin, ya koyi naɗa rawani irin nasu, ya koyi yin dariya in ana ba'ar mutanen daji. In ya ji haushi daga nesa sai ya ɗaga murya a hira don kada a lura ya ji. Daga baya ma ya daina jin haushin.

Rannan ya fita bayan gari shi kaɗai, ta wata ƙofar dabam don kada ya bi ta wajen ƙayar. Ƙasa ta burme da shi, ya faɗa wata tsohuwar rijiya da rairayi ya rufe bakinta. Ya yi ihu da yaren garin har muryarsa ta dishe, ya kira sunan duk wanda ya taɓa cin namansa, ba wanda ya zo. Rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa. A rana ta uku harshensa ya kumbura, yaren garin ya ɓace masa kaf. Sai ya ɗaga kai, ya buɗe baki da abin da ya rage masa.

A nan Kaka ta gyara zama. Ta sa hannu biyu a gefen baki, ta saki wata murya da ban san tana da ita ba, siririya mai nisa, wadda ta fi ƙarfin ɗan ɗakin nan:

"Wahai, Baida! Wahai, Hamra! Wahai, Kahla!"

Ta ja numfashi, ta sake yi, ta fi na farko ƙarfi.

Abin da ba mu sani ba, ranar Baba ya rufe shago da wuri. Ya shigo da baƙi, 'yan kasuwa biyu da wani malami da ya zo daga Maraɗi, suna zaune a falo ana zuba musu shayi. Ta jikin ƙofa muka ji muryar malamin, ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Subhanallahi! Alhaji, wa ke kiran karnai da wahayi cikin gidanka?"

Ya ji tun farkon labarin ke nan. Ya ji maharbi, ya ji karnuka, sannan ya ji kalmar da a kunnensa ba ta da wata ma'ana sai wahayi, saƙon da Allah ke saukar wa Annabawa. Ban ga laifin kunnensa ba, ni ma a lokacin abin da na zata ke nan.

Baba ya turo ƙofa, ya kunna fitila. Haske ya kashe jan resho. Bai yi tsawa ba, Baba ba ya yi wa uwarsa tsawa. Ya durƙusa, amma muryarsa ya ɗaga ta yadda na falo za su ji.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri. Wagga magana ba cikin gidana ba. Wahayi Annabawa aka saukar ma, ba abin wasan yara da karnai ba ne."

Kaka ta dube shi. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba, wani laƙabi take kiransa da shi tun yana goye. Ranar ta ce, "Kai ka hwaɗa mini haka, Alhaji? Kai?"

Ta miƙa hannu ta zare wayar resho daga bango. Ta ce mu tashi mu je mu kwanta, tatsuniya ta ƙare. Na ce, "Kaka, ba ki ce ƙurunƙus ba. Karnukan sun zo?" Ta riga ta ɗauki carbi.

Daga ranar ba ta sake yi mana tatsuniya ba, ko ta Gizo. Baba ya roƙe ta, ya ce shi waccan guda ɗaya kawai ya hana. Ta ce bakinta ba kanti ba ne da za a zaɓi abin da ake so a bar saura. Zuciya gare ta, Allah ya ji ƙanta, zuciyar da ba ta lanƙwasuwa, kuma duk wanda ya san ni ya san inda na gado tawa.

Bayan kamar mako guda, ina wucewa ta gaban ɗakinta bayan magariba, na ga ƙofa a ɗan buɗe, fitila a kashe, resho ya yi ja. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Wahai, Rabi."

Laminu yana bayana. Ya fashe da dariya, ya ce, "Kin ji? Baida, Hamra, Kahla, Rabi. Kin zama ta huɗu!" Ya durƙusa yana haushi, hau, hau, yana bi na har ɗaki. Na yi kuka ranar. A makaranta ina fama da masu toshe hanci in na wuce, wai tufafina na warin nama, sai kuma in dawo gida a yi mini kiran karnuka? Kuma da kalmar da malami ya ce saɓo ce? Da ta sake yi washegari, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kaka, ni ba karya ba ce." Ta kawar da kai.

Ta ci gaba da yi. Ba kullum ba, wani lokaci sau ɗaya a wata, wani lokaci kwana uku a jere, kullum bayan magariba, kullum in Baba ba ya nan. In aike ne, da Hausa take kirana, "Rabi, taho ki miƙo mini buta," in je da gudu. In ta ce wahai kuwa sai in yi kamar ban ji ba. Da na ƙara girma na daina jin haushi, na ɗauka tsufa ne, bakinta ya saba. Na samo amsar da ba ta da rashin kunya a ciki. Sai in ce, "J'arrive, Kaka," wato ga ni nan zuwa, in wuce abina. Shekara shida muna haka.

Na ƙarshen da na tuna, ina shekara sha shida, na sa manto, rigar sanyina, zan fita, ƙawayena suna jirana a tasha. Ta rame sosai lokacin, muryar ma da ƙyar take fita. Ta ce, "Wahai, Rabi." Na ce, "J'arrive," na ja ƙofa. Bayan kwana takwas aka kwantar da ita asibiti a Bobigny, kuma ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi karatun jinya, na yi aure, aiki ya kawo mu Lyon. Yanzu ina bin gidaje ne, ina wanke ciwo, ina yi wa tsofaffi allura. Shekara ashirin da wani abu ban ji kalmar nan a bakin kowa ba. Na taɓa neman labarin Nimadi sau biyu ko uku a kwamfuta, abin da na samu bai cika shafi ba. Wasu sun ce yarensu dabam ne, wasu sun ce Larabcin Muritaniya ne da ake kira Hasaniyya, sai dai da kalmomin farauta da wasu tsofaffin kalmomi da suka kwaso daga maƙwabta. Masu rubutun ma ba su daidaita ba. Na rufe na bar shi.

A bara aka ba ni wata tsohuwa a Vénissieux, mai ciwon suga, da gyambo a dunduniya. Sunanta Mariyam, 'yar Muritaniya ce daga Nema, tana zaune da 'yarta Zainabu. Ba ta jin Faransanci, ni ba na jin yarenta, da murmushi da nuni muke aiki. A zuwana na huɗu ina durƙushe ina kwance bandeji, tsohuwar ta so a ƙara mata matashi. Ta juya wajen kicin ta ɗaga murya:

"Zainabu! Wahai!"

Almakashi ya faɗi daga hannuna. Zainabu ta fito tana goge hannu a zane, ta ce mini lafiya? Na ce me mamanta ta ce yanzu. Ta ce ba komai, kiranta ta yi. Na ce a'a, kalmar, kalmar da ta faɗa bayan sunanki. Ta yi dariya ta ce, "Wahai? Ai zo ke nan. Zo nan. Kowa haka yake faɗa a wajenmu, ga yaro, ga babba."

Na ce ba kiran karnuka ba ne? Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce uwarta ce ta kira ta da shi yanzu a gabana.

Na zauna a ƙasa sosai, a kan kafet ɗin mutane, da safar hannu a hannuna. Na ce Baida fa? Ta ce fara. Hamra? Ja. Kahla? Baƙa. Shi ke nan. Abin da na ɗauka a raina shekara talatin a matsayin wani baƙin asiri da ya kusa saɓo, ashe mutum ne a cikin rami yana cewa zo Fara, zo Ja, zo Baƙa. Kuma tsohuwa ce a gaban resho tana cewa zo, Rabi.

Zainabu ta fassara wa uwarta duk abin da na faɗa. Da tsohuwar ta ji sunan Nimadi sai ta taɓe baki, ta faɗi wani abu da Zainabu ta yi jinkirin fassarawa. Na ce ta faɗa, na saba. Ta ce wai masu karnuka ne, a da ba a ba su aure, ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da su. Raina ya ɓaci, ga ƙafarta a cinyata ina wankewa. Amma sai tsohuwar ta ci gaba da wata murya dabam. Ta ce tana yarinya sukan shigo Nema da buhunan tishtar, uwarta takan saya, kuma ba ta sake cin mai daɗinsa ba. Ta ce maganarsu kamar tasu ce, amma in suna zancen farauta a junansu sai ka rasa rabin abin da suke faɗi. Ta ce yanzu dabbobin sun ƙare, an kuma hana farauta, waɗanda suka rage sun zauna a gefen garuruwa, jikokinsu suna magana kamar kowa.

Na ba ta tatsuniyar, jimla-jimla, Zainabu na juyawa. Na kai wajen rijiya na tsaya, na ce ko ta san ƙarshenta. Ta girgiza kai. Ta ce wannan tasu ce, su ba sa ba bare labaransu, bare ma bai taɓa tambaya ba.

A cikin mota na kira Baba. Ya tsufa yanzu, ya bar wa Laminu shago, yana zaune a Bobigny. Na gaishe shi a gajarce, ya lura.

"Lahiya, Rabi? Muryarki ba daidai ba."

"Baba, ka san ma'anar wahai?"



"Na sani," in ji shi. "Da shi taka kirana cin tuwo ina yaro."

Na ce, "To don me ka ce wahayi ne?"

"Malam ne ya ce. Ni ban ce masa a'a ba." Ya yi tari. "Rabi, mutanen nan tare muke kasuwa, tare muke sahu. In na ce musu yaren kakata ne, sai su ce wace ce kakarka. In ce musu mi? Ɗiyar masu karnai? Tun ranar da Inna ta sauka jirgi na roƙe ta ta bar maganar nan a Tahoua. Ta bari shekara uku, sai ran da na kawo baƙi."

Na ce, "Ka ji tana kirana da shi?"

"Uwarki ta gaya mini."

"Ba ka ce mini komai ba."

"Na ce in kin girma."

Na ce na girma, ga furfura ta fara fito mini. Na tambaye shi ƙarshen labarin. Ya ce bai sani ba, ba ta taɓa ba shi ba, ta ce na mata ne, daga uwa sai 'ya, ita kuma Allah bai ba ta 'ya mace da ta rayu ba. Ya ce, "Ke ta aje ma." Ya fara cewa in yafe masa, na ce ina tuƙi, zan kira shi. Ba tuƙi nake yi ba, motar a tsaye take.

Na yi kwanaki ina raba fushina, na rasa wanda zan ba kaso mafi girma. Ina jin haushin malamin da ya ji kalma ɗaya ya yanke hukunci bai tambaya ba. Ina jin haushin Baba, wanda ya san gaskiya ya zaɓi mutuncinsa a idon masu shadda. Ina jin haushin Laminu da haushin karensa, ko da yake da na tuna masa ya rantse bai tuna ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Kuma wallahi ina jin haushin Kaka. Kalma ɗaya fa! Da ta ce, ke wawuya, zo nake ce miki, da an gama. Shekara shida tana zaune da ƙarshen labari a bakinta, tana jiran in amsa kiran da aka yi mata ita ma, a yaren da ba wanda ya koya mini. Ta gwammace ta tafi da shi kabari da ta fassara. Amma duk inda na zagaya sai in dawo kaina. Ɗakinta da nawa taku biyar ne. Ban taɓa shiga na ce, Kaka, me kike nufi ba.

Na sha gwada ƙarasa labarin da kaina. Wata rana in ce karnukan sun tsinke igiya sun zo, wata rana in ce ƙasusuwansu kawai ke gindin ƙaya. Ko wanne na ɗauka sai in ji ƙarya nake yi. Wannan tatsuniya ta taka daga Walata zuwa Tahoua a bakin marainiya, ta hau jirgi, ta hau bene tara, ta zo taku biyar da ni. Ba ni da ikon yi mata ƙarshe don kawai in samu barci.

Nana tana da shekara goma sha ɗaya. Hausarta ta gaisuwa ce da ta neman abinci. Na ba ta Gizo da kura, amma wannan ban taɓa ba ta ba, don ban san yadda ake ba yaro labari marar ƙarshe ba. Wata Lahadi bayan magariba na kashe fitilar falo, na zauna a kan kafet kusa da shofaj, abin ɗumama ɗaki. Ɗakinta a buɗe yake, tana kwance da waya a hannu. Na ce, "Wahai, Nana."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "J'arrive, maman."

Na zauna ina jira. Minti biyar, minti goma. Na ji zuciyata tana kumbura, na ji bakina yana rufewa da kansa, na ji ina cewa a raina to shi ke nan, in ba ta zo ba ita ta sani. A lokacin na gane Kaka fiye da duk shekarun da muka yi gida ɗaya, kuma abin ya tsorata ni. Na tashi da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara. Na shiga ɗakin, na karɓi wayar na kife a kan gado.

Na ce, "Kalmar da na faɗa, ma'anarta zo. Yaren kakar kakanki ne, mutanen da ake kira Nimadi. Faɗi in ji."

Ta faɗa, ta karkace shi. Na sa ta maimaita har ya zauna. Sannan na ce ga wata nan tafe daga cikin rairayi, na koya mata ta ce ta shigo ta sha ruwa. Na ba ta maharbi da salkarsa, da gari mai ganuwa, da igiyar aro, rabi da Hausa rabi da Faransanci, ban damu ba. Da na kai rijiya na sa hannu biyu a gefen baki na yi kiran da iyakar muryata, har maƙwabcinmu ya buga bango. Nana ta tashi zaune, ta riƙe mini hannu.

"Et après?" in ji ta, wato sai me ya faru. "Maman, karnukan sun zo?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce ai ba a yin haka, dole akwai ƙarshe, wa ya sani?

Na ce, "Akwai. An kira ni in ji, ban zo ba."